Hoton Kan Malam Yero

Ina cikin ɗakin duhu, hannuna a ruwan wanke hoto, aka ƙwanƙwasa ƙofa. Na ce a dakata. Aka sake ƙwanƙwasawa, sai na ji muryar Sista Rifkatu, nas ɗin da muka daɗe muna aiki tare, tana cewa an aiko daga cikin birni, Malam Yero ya cika, za a yi jana'iza bayan azahar.

Ban buɗe ba. Hoton ƙirjin wata mata ne a hannuna, kuma in haske ya shigo kafin fim ya gama kamawa ya lalace ke nan, sai an sake kirawo ta daga ƙauyensu. Malam ɗin ne da kansa ya koya mini cewa ko gobara ake yi, sai ka gama da fim kafin ka taɓa sakata. Na yi innalillahi a cikin duhun, na ɗauraye hoton, na rataye shi, sannan na fito. A lokacin jira muke yi a gyara inji mu sake ɗaukar hoton kan Malam, domin na farkon bai fita ba, kuma likita ya ce sai da shi zai san maganin da ya dace.

Kwanaki na ji ɗaya daga cikinku, ku masu aikin nan yanzu, yana gaya wa abokinsa wai aikin ɗakin hoto danna maɓalli ne kawai. Gara in rubuta yadda aka yi hoton nan ya ƙi fita, in kun karanta ku yi hukunci da kanku.

Mahaifina maɗinkin riguna ne a Ƙofar Kuyambana, sahunsu ɗaya da Malam Yero a masallaci. Da na gama firamare aka ga ba zan wuce nan ba, sai ya kama hannuna ya damƙa wa Malam, a farkon shekarun tamanin. Aikina na farko haɗa ruwan wanke hoto ne. Bayan mako guda faratuna suka rine, har mahaifiyata ta ja ni gefe ta tambaye ni a hankali ko lalle nake ƙunsawa a asibitin. Na biyu shi ne saka rigar darma, wadda ke kare mutum daga hasken inji. Nauyinta kamar an ɗora maka tunkiya a kafaɗa. Malam ya ce in na iya yin ruku'u da ita na ɗago ba tare da an taimake ni ba, to na fara zama ma'aikaci.

Shi Malam dogo ne, siriri, ba ya ɗaga murya. Maganarsa a wurin aiki ba ta wuce guda uku ba: ja numfashi, riƙe, kada ka motsa. Har kasuwa in ya ratsa, mahauta na kiransa Malam Kar-ka-motsa. Akwai ta huɗu, wato saki, amma ita takan ɓace masa. Wata rana muna ɗaukar ƙirjin wani Alhaji mai sayar da fata, mutum mai biyayya ƙwarai. Malam ya ce ja numfashi, ya ja. Ya ce riƙe, ya riƙe. Nan take aka ɗauke wuta, Malam ya fita neman mai janareta, ni kuma na bi shi da tocila. Da muka dawo muka tarar da Alhaji a tsaye yadda muka bar shi, ƙirji a manne da allo, idanu sun firfito, gumi na zuba. Da ya samu ya yi magana sai ya ce ai bai ji an sallame shi ba. Daga ranar aka bar mini faɗin saki. Shi ne muƙamina na farko.

Hoton kai ya fi na ƙirji wuya nesa ba kusa ba. Injinmu na wancan lokaci ƙashi kawai yake gani, ƙwaƙwalwa kuwa ba ta fita. In likita na son ganin yadda jini ke gudana a cikin kai, sai ya yi allurar wani rini a jijiyar wuya. Rinin ya bi jini ya hau, mu kuma mu riƙa zare kaset ɗin fim da hannu muna tura wani, da sauri, kafin ya wuce. In an dace za ka ga jijiyoyin sun fito kamar rassan bishiya da rani. In wani reshe ya karkace, akwai abin da ke tura shi. In ya yanke a hanya, nan ne ya toshe. Dama ɗaya ce, domin ba a yi wa mutum allurar wuya sau biyu don nishaɗi. Muna tokare kai da buhunan yashi, mu ɗaure goshi da maɗauri, mu cire hula da ɗankunne da duk abin da ke da ƙarfe. Layu kuwa Malam yana da wani kwano na musamman da yake tara su, in an gama kowa ya ɗauki tasa. Wata tsohuwa ta taɓa tayar mana da hankali, hotonta ya fito da allura kwance a tsakiyar kai. Muna tsaye mu da likita muna salati, sai 'yarta ta leƙo ta ce, "Inna, ga allurar da kike nema tun jiya." A cikin kitso ta soke ta.

Amma ba layu ne babbar matsalarmu ba. Gaisuwa ce.

Mutumin cikin birni zai iya jure allura a wuya bai ce uffan ba. Zai iya riƙe numfashi har ya kusa suma. Abin da ba zai iya ba shi ne a yi masa sallama ya yi shiru. Kuma ba da baki kaɗai yake amsawa ba, sai ya gyaɗa kai, in ma hannu na sake ya kai shi ƙirji. Mara lafiya ɗaya kuwa yakan zo da mutum goma, wasu goman na tafe a hanya, kowa ya iso sai ya leƙo ƙofa ya yi sallama. Fim nawa muka zubar saboda wannan, Allah kaɗai ya sani.

Wanda ya warware mana ita wani dattijon malami ne daga Limancin Kona, Malam Sidi, da farfaɗiya ta kama shi da tsufa. Mun kwantar da shi, likita ya sa allura, rini ya fara hawa, sai wani ɗalibinsa ya yi sallama daga bakin ƙofa. Malam Sidi ya amsa ta cikakkiya har wabarakatuhu, ya ɗora da tambayar mutanen gida. Hoto ya tafi. Malam Yero ya durƙusa gefen gadon ya roƙe shi, ya ce Allah gafarta Malam, in aka sake sallama a daure a yi shiru. Dattijon ya ce sam, amsa sallama wajibi ne, ba zai saɓa wa Allah don a ga cikin kansa ba. Aka yi cirko-cirko. Can sai ya shafa gemu, ya ce amma fa in jama'a aka yi wa sallama, mutum ɗaya ya amsa, ya ɗauke wa saura. Ya juyo da ido ya dube ni.

"Wannan na wajen naka, ya iya amsawa yadda ya kamata?"

Aka gwada ni a wurin. Ya yi mini sallama, na amsa. Ya gyara mini wurin da nake haɗiye harafi, na sake. Sannan ya ce to ya wakilta ni. Bayan 'yan kwanaki aka sake aikin, ɗalibai suka yi ta sallama, ni kuma ina tsaye cikin rigar darma ina zare kaset ina amsawa, shi ko ko gezau. Hoton ya fito tas.

Daga nan abin ya zama tsarin aikinmu. Kafin a kwantar da kowa, Malam zai zaunar da shi a benci ya gaishe shi har gaisuwa ta ƙare: ina kwana, ina gajiya, ya jiki, ya iyali, ya aka ji da ruwan jiya, ya wajen su wane. Ya sa 'yan rakiya su ma su yi tasu. Sannan ya nuna ni ya ce, ga Iro nan, shi ne wakilinka, duk wanda ya yi sallama shi zai amsa maka, ka yarda? Sai mutum ya ce ya yarda. Na yi shekaru ina wannan. A takardar albashi sunana mataimakin ɗakin duhu, amma a cikin birni cewa ake yi Iro mai amsawa.

A shekarun casa'in aka kawo mana babban injin sikan. Mu Zobe muke ce masa, don kamarsa ke nan, a tura kan mutum cikin ramin. Aka gina masa ɗaki mai sanyi, ba don mu ba, don shi. Sista Rifkatu suwaita take sakawa a tsakiyar bazara. Aka tura Malam kwas, ya dawo ya koya mini abin da na iya ɗauka. Zobe yana nuna ƙwaƙwalwa fala-fala, kamar an yanka albasa, ba tare da an taɓa mutum ba. In jijiya ta fashe jini ya zuba, wurin fari yake fitowa. In toshewa ta yi, wurin yakan yi duhu. A waje duka biyun kamanninsu ɗaya: baki ya karkace, ɓarin jiki ya shanye. Amma maganin wanda jijiyarsa ta toshe zai iya ƙarasa wanda tasa ta fashe. Amfanin hoton ke nan, kuma shi ya sa ba a wasa da shi.

Sai dai Zoben wancan lokaci ba irin naku ba ne da ke gamawa kafin mutum ya yi atishawa. A hankali yake tafiya, yanka bayan yanka, kuma ko haɗiyar yawu aka yi sai hoton ya yi zane-zane. Masu dogon suma su ne suka fi wuya. Numfashinsu yakan hau, ya hau, ya sauko, ya tsaya cak na ɗan lokaci, sannan ya sake farawa, kai na rawa tare da shi. Malam yakan tsaya a jikin gilashi yana kallon ƙirjin mutum, yatsa a kan maɓalli, sai numfashin ya kwanta ya danna. Yakan ce mini ƙirji ake kallo, kwamfuta ba inda za ta je. Mu muna wani ɗaki, mara lafiya na wani, akwai lasifika a tsakani. Ta nan na ci gaba da amsa sallama.

Ranar da abin ya sami Malam, da safe ne, muna shan shayi a bayan ɗakin hoto. Kofi ya suɓuce daga hannunsa na hagu. Ya dubi kofin, ya dubi hannun, ya yi ƙoƙarin ɗaga shi bai ɗagu ba. Bakinsa ya ja gefe guda. Ya ce da ni, maganar na fita da nauyi, in je in kunna Zobe ya yi ɗumi, in kuma gaya wa likita an samu mara lafiya.

Shi ya shirya kansa. Ya cire hula, ya cire agogo. Sannan ya sa hannun dama cikin wuyan riga, ya zaro wata tsohuwar laya ya jefa a kwanon. Ni da Sista muka dubi juna. Mutumin da ya shekara goma sha yana yi wa jama'a wa'azi a kan layu. Ya ce ta mahaifiyarsa ce, kuma ba ya son jin wata magana.

Kafin a ce haka labari ya zaga asibiti. Masu shara, masu dafa abinci, direbobi, masu gadi, har mai sayar da ƙosai ta bakin ƙofa, duk suka cika baranda. Malam ya ce a bi tsari. Aka zaunar da shi a kujerar guragu, aka yi ta gaisuwa yana amsawa da rabin baki, har likita ya ce ya isa haka. Sannan ya dube ni ya ce, "Iro, na wakilta ka." Na ce na karɓa. Na kwantar da shi, na ɗaure masa goshi, yana gaya mini maɗaurin ya yi sako-sako. Ban taɓa ganin wanda ya kwanta a Zobe kamarsa ba. Yankan farko-farko, na ƙasan kai, suka fito kamar a littafi.

Muna gab da isa inda likita ke son gani, sai na ji baranda ta yi tsit. Baba Alhaji ne ya iso, surukin Malam, mahaifin matarsa, daga wajen Kufena. Tsoho ne tukuf, da sanda, kunnensa ya yi nauyi. An ɗauko shi a babur. Mutum talatin ne ko fiye a barandar nan, kowa ya san dokar ɗakin, amma wa zai tare tsoho kamar wannan? Sai ma darewa aka yi ana durƙusawa. Bai biyo ta wajenmu ba. Ƙofar ɗakin Zobe ya tura da sandarsa, ya yi sallama.

Na amsa ta lasifika da iyakar muryata, ina kashe injin da ɗaya hannun. Amma kafin in rufe baki Malam ya zare kansa daga maɗauri, ya zuro ƙafar dama ƙasa, yana neman durƙusawa da rabin jikin da ya rage masa. Da gudu muka shiga, ni da Sista, muka tare shi kafin ya kai ƙasa. Tsohon ya ce, Yero, an ce mini ba ka da lafiya. Malam, yana rataye a hannunmu, baki a karkace, ya ce lafiya lau, Baba, ya aka ji da hanya.

Da aka lallaba tsohon aka fita da shi, na ce, Malam, ai na amsa. Ya ce ya ji. Na ce to ina wakilcin?

"Surukina ne, Iro. Ba a wakilci a gaisuwar suruki."

Yankan da ake bukata duk sun yi zane-zane, kamar an ja tsintsiya a kan rairayi. Likita ya duba ya duba ya ce ba zai iya rantsewa ko fari ne ko duhu ba, a sake. Muka sake kwantar da shi. Na sa masu gadi biyu a ƙofa, aka ba Baba Alhaji kujera da lemo a can ƙarshen baranda. Ina kai hannu kan maɓalli aka ɗauke wuta. Kafin mai janareta ya taso aka dawo da ita da ƙarfi. Muka ji wani ƙas a cikin Zobe, sai ƙaurin ƙonewa.

Wannan ita ce mummunar shekararmu. Injiniya ya zo ya buɗe, ya ce abin da ya ƙone sai an yi odarsa daga waje. Fim ma ya yi wuya, har muna yanka babba gida-gida da almakashi a cikin duhu, hoton hannu a wannan, na ƙafa a wancan. Masu ciwon kai da shanyewar jiki suka riƙa zuwa muna ba su haƙuri. Wani Zoben mai aiki yana can kudu, likita kuma ya ce jijjigar hanya ta fi zaman haɗari ga Malam. Ya ba shi abin da ba zai cutar ba ko wanne ne daga cikin biyun, ya ce sauran sai hoto. Aka mai da shi gida.

Kullum in na tashi aiki nakan biya. Ina samunsa a zaure, an jingina shi da matashi. Ya sa na kawo masa hoton nasa. Yakan ɗaga shi da hannun dama ya saita da hasken ƙofa, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce wanda ya ɗauki wannan ya kamata a kore shi, mara lafiyan kuma a ci shi tara. Ya karɓi jan fensirin da muke sa alama da shi, ya rubuta a bayan ambulan abin da yake rubutawa a kan duk hoton da bai gamshe shi ba: a sake. Har atisaye yake yi. Ya kwanta a tabarma ya ce in yi masa sallama ba zato, mu ga ko zai motsa. Ba ya motsawa. Ya kuma tsara cewa ranar da Zobe ya tashi, sai an fara kai shi Kufena da sassafe ya gaida Baba Alhaji har gaisuwa ta ƙare, sannan a bar mutum a wurin ya riƙe tsohon da hira.

Shi Baba Alhaji da aka yi masa bayanin ɓarnar da sallamarsa ta yi, cewa ya yi ai shi bai ce Yero ya tashi ba. Sannan ya ƙara da cewa amma da bai tashi ba, da ya san irin tarbiyyar gidansu. Da aka kawo wa Malam wannan magana, ya yi dariyar da sai da aka ba shi ruwa.

Duk lokacin da na je, tambayarsa ta farko bayan gaisuwa ita ce ko kayan sun iso. In ce suna hanya. Haka injiniya ke gaya mana, haka nake gaya masa. Damina ta shiga ta fita. Sai ranar nan da Sista Rifkatu ta ƙwanƙwasa ƙofar ɗakin duhu. An ce abin ne ya sake dawo masa da hantsi, yana zaune a zauren, bai daɗe ba.

Bayan an dawo daga maƙabarta aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Na nemi gefe na zauna cikin mutanen asibiti. Jama'a na ta zuwa, sallama a kan sallama, 'yan'uwansa har muryarsu ta dushe. Sai Baba Alhaji ya ɗaga sandarsa yana nuna mutane ɗaya bayan ɗaya, ya ce ina wakilin nan nasa? Aka nuna ni. Ya matsa ya buga tabarma kusa da shi.

"Zo nan ka zauna. Ai bai sauke ka ba."

Na zauna. Na yi ta amsawa har aka kira magariba, cikakkiya, yadda Malam Sidi ya gyara mini.

Kayan sun iso daga baya. Zobe ya tashi, ya yi wasu shekaru yana aiki kafin a kawo wanda kuka tarar. To ku masu danna maɓalli, ga abin da zan bar muku. Ku kalli ƙirji. Ku laluba kitso. Kada ku manta da faɗin saki. In kuma mutumin cikin birni ne, kafin ku ɗaure masa goshi ku tambaye shi ko surukinsa na da rai, kuma ko labari ya kai masa.

Layar na mayar wa iyalinsa. Ambulan ɗin yana nan a kabad ɗina, da jan rubutunsa a baya. Har yau ban san ko fari ne ko duhu ba. Ba mu sake hoton ba.